Tarin da ba na wasa ba: yadda za ka gane nimoniyar da ke cinye sashe guda na huhu

Duk wanda ya zauna Makka ko Madina ko Jidda ya san tarin mausim, wato na lokacin aikin Hajji, da alhazai sun fara shigowa kowa sai ya yi, daga mai tura keke a Harami har mai sayar da abinci a Shara Mansur, ana tari ana fyace majina ana ci gaba da nema, kwana biyar shida ya wuce. To matsalar ita ce a cikin wannan tarin na kowa da kowa akwai wani da yake ɓuya wanda ba mura ba ne, ciwon huhu ne na gaske, kuma shi in aka bar shi kwana uku huɗu ana cewa "sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ne" sai dai a ɗauki mutum ranga-ranga. Shi nake so mu yi magana a kai, nimoniyar da take kama sashe guda na huhu gaba ɗayansa, wadda a gida wasu ke kira sanyin haƙarƙari, me ke kawo ta, me take yi a cikin ƙirji, da kuma abin da kai da kake kusa da mara lafiyan za ka yi da hannunka kafin a kai ga likita.

Farko dai sai ka san yadda huhun yake. Huhu biyu ne, na dama sashe uku gare shi, na hagu biyu saboda zuciya ta ɗan ci wuri a wajen. Kowane sashe akwai fatar da ta raba shi da ɗan uwansa, a cikinsa kuma ƙananan buhunan iska ne miliyoyi, ido ba ya ganinsu, a nan ne iskar da ka shaƙa take haɗuwa da jini ta ba shi oksijin. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ranar layya ya riƙe huhu a hannunsa, ka san ba nauyi, laushi gare shi, in ka matsa sai ka ji iska a ciki, in ka jefa a ruwa tasowa yake. Hanta kuma ka san yadda take, nauyi, a cure, ba iska ko kaɗan. To wallahi abin da ciwon nan yake yi ke nan, yana ɗaukar sashe guda na huhun mutum ya mayar da shi kamar hanta, likitocin da suka fara buɗe ƙirjin waɗanda ciwon ya kashe haka suka gani haka suka rubuta, cikinsu har da wani Bafaranshe René Laennec wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirjin nan da likitoci ke ratayawa a wuya a 1816, ya kuma yi bayanin matakan ciwon a 1819.

Me ke kawo shi? Ƙwayar cuta ce, ba ruwan sanyi ba, ba wanka da dare ba. Wadda ta fi kowacce ita ce nimokokus, an gano ta tun 1881, Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka kowa ya gano ta daban a shekara ɗaya. Abin da zai ba ka mamaki, mutane da yawa musamman yara ƙanana suna yawo da ita a can bayan hanci da maƙogwaro lafiyarsu ƙalau, tana zaune shiru, daga nan take bin tari da atishawa ta koma kan wani. Ba ta zama ciwo sai ta samu hanya ta gangara ƙasa cikin huhu a lokacin da masu gadin hanyar suka yi rauni. Hanyar numfashinmu akwai wasu ƙananan gasu da suke share majina da ƙura suna turowa sama ba dare ba rana, mura mai ƙarfi tana lalata su, hayaƙin sigari da shisha yana kashe musu jiki, shi ya sa za ka ga mutum ya yi mura kwana biyar kamar ya fara warwarewa sai kawai zazzaɓi ya dawo masa sabo fil ya fi na farko. Wannan dawowar ku riƙe ta, alama ce babba. Ita ƙwayar kuma wata riga gare ta mai santsi da ta lulluɓe ta, sojojin jini in sun zo kama ta sai ta zille, kuma rigar kala-kala ce ta haura casa'in, shi ya sa mutum zai iya yin ciwon ya warke wata shekara wata kalar ta sake kama shi.

Akwai wasu ƙwayoyin bayan ita. Kilebsiyela ta fi bin masu ciwon suga da masu shaye-shaye da waɗanda jiki ya riga ya yi rauni, tana son sashen sama na huhu, kakinta kauri gare shi ja-ja kamar an cuɗa da jini, kuma tana cin naman huhun har ta yi rami. Lijiyonela ita a ruwa take rayuwa, tankunan manyan gine-gine da shawa da injinan sanyaya manyan otal-otal in ba a kula da su, an fara saninta a 1976 da ta kwantar da mutane a wani taro a Filadelfiya ta Amurka, ita amoksisilin ba ya taɓa ta, wani maganin daban take so. Mu nan kuma akwai cutar numfashin nan ta raƙuma da aka fara ganowa a Jidda a 2012, in mara lafiya ya yi hulɗa da raƙuma ko ya sha ɗanyen nononsu dole a faɗa wa likita, kar a ɓoye.

Maganar mukayyif, ni dai ba na cewa ba ruwansa kwata-kwata, mutum ya fito daga zafin azahar jiki sharkaf ya faɗa ɗaki mai sanyi ƙarara, iskar busasshiya tana busar da hanci da maƙogwaro, ba ta taimaka ba. Amma abin da ya fi mukayyif illa shi ne ɗakin da aka cusa mutum takwas goma ƙofa a rufe taga a rufe, ɗaya na tari sauran na shaƙa, ga gajiya ga rashin barci ga ƙarancin shan ruwa. Shi ya sa a lokacin Hajji nimoniya tana cikin manyan abubuwan da ke sa a kwantar da alhazai a asibiti, galibinsu kuma dattawa.

Yanzu abin da ke faruwa a ciki, nan nake so ku ɗan tsaya da ni don in kun gane shi ba sai an roƙe ku ku tafi mustashfa, wato asibiti, ba.

Da ƙwayar ta sauka cikin buhunan iskan nan sai jiki ya tayar da faɗa. Hanyoyin jinin wurin su kumbura su cika, ruwa ya fara tsattsafowa daga cikinsu yana zuba inda iska ya kamata ta zauna, ita kuma ƙwayar wannan ruwan shi ne abincinta shi ne motarta, tana hayayyafa a ciki tana bin wasu ƙananan ƙofofi da ke tsakanin buhu da buhu tana malala har sai ta cika sashen gaba ɗaya, fatar da ta raba sashen da na kusa da shi ita ce take tsayar da ita. Wannan matakin farko ke nan, kwana ɗaya zuwa biyu. A waje abin da za ka gani mutum yana zaune lafiya sai rawar ɗari ta kama shi haƙora na haɗuwa, a lulluɓe shi da bargo biyu bai daina ba, sai zazzaɓi ya haura 39 ko 40.

Daga nan wajen kwana na biyu zuwa na huɗu jajayen ƙwayoyin jini da fararen da suka zo yaƙi da wani zare-zare mai sa jini daskarewa duk su cunkushe cikin buhunan, ruwan ya daskare, sashen ya yi tauri ya yi ja, iska ba ta shiga ko ɗis. Shi ne lokacin da kakin yake fitowa kalar tsatsa, kamar ruwan da ya kwana a tsohon kwano, jini ne da ya ɗan jima ya canza kala. Kuma da yake kumburin ya kai har fatar da ta lulluɓe huhu, duk numfashin da mutum ya ja sai fatar ta gogi ta jikin haƙarƙari, shi ne sukan nan da yake ji gefe guda kamar ana caka masa wuƙa, ka gan shi ya dafe wurin da hannu, ba ya son yin tari, ba ya son jan numfashi mai zurfi, ya fi son kwanciya a kan gefen da ke ciwon don ya rage motsi. Jini kuma bai daina bi ta wannan sashen ba, yana zuwa ɗaukar oksijin yana komawa hannu rabbana, shi ya sa mutum yake haki ko yana kwance, zuciya na bugawa da sauri tana neman cike giɓin.

Wajen kwana na huɗu zuwa na takwas jajayen ƙwayoyin su farfashe, fararen su yi yawa, sashen ya koma toka-toka amma har yanzu da taurinsa. In Allah ya sa jiki ya yi galaba sai mataki na ƙarshe ya zo daga wajen kwana na takwas, abin da ya daskare ya fara narkewa, wasu manyan ƙwayoyin jini masu shara su kwashe, saura a fitar ta tari, iska ta sake shiga, kuma abin rahama shi ne nimokokus yawanci ba ta rushe ginin huhun, in an warke yana komawa yadda yake. Kafin zuwan fenisilin a shekarun 1940 haka ake zama ana jira, wajen kwana bakwai zuwa goma ko dai zufa ta karyo wa mutum zazzaɓi ya sauka, ko kuma a rasa shi, kuma da yawa ba sa kaiwa. Yau maganin yana katse tafiyar tun a farko, ba dalilin da za a zauna ana jiran wannan ranar.

In ba a katse ba ƙwayar tana tsallakewa. Ta shiga jini ta gurɓata shi, jini ya sauka ƙasa ƙoda ta tsaya, ko ruwa ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari ya zama mugunya sai an sa roba an zuƙe, ko ta hau kai ta zama sanƙarau. Masu sikila da waɗanda aka cire wa saifa su ne suka fi shiga haɗari, don saifa ce take tace irin waɗannan ƙwayoyi masu riga daga jini, mai sikila kuma tun yana yaro saifarsa take daina aiki. Mu da muke da sikila a dangi sosai, yaro mai sikila in ya yi zazzaɓi da tari ko ciwon ƙirji ba a kwana da shi a gida.

To me za ka yi kai da kake ɗaki ɗaya da mara lafiya?

Ƙirga numfashinsa. Wannan ba ya buƙatar komai sai agogon wayarka. Bari ya natsu yana kwance ko a jingine, kar ka ce masa za ka ƙirga don zai canza, ka kalli tashin ƙirjinsa ko cikinsa, tashi da sauka ɗaya ke nan, minti ɗaya cur. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. In ya wuce 20 ga zazzaɓi ga tari, yau zai ga likita ba gobe ba. In ya kai 30 ba maganar mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ɗawari kai tsaye, wato sashen gaggawa na babban asibiti. Yara nasu daban ne, jaririn da bai kai wata 2 ba 60 ko fiye shi ne sauri, daga wata 2 zuwa kafin ya cika shekara ɗaya numfashi 50 ne, daga shekara 1 zuwa 5 kuma numfashi 40. Ki ɗaga rigar yaron ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa, in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko hancinsa na buɗewa, ko ya ƙi nono, ko yana gurnani, ɗauke shi kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000, kuma mafi yawa abin da ake iya magancewa ne.

Sai ka duba hankalinsa. Dattijo musamman, shi wani lokacin ba zazzaɓin kirki ba tari mai yawa, kawai za ka ga Baba ya ƙi abinci, yana ta barci, yana tambayar an yi la'asar bayan yanzu kuka dawo daga la'asar ɗin tare, ko ya faɗi a banɗaki. Mutane sai su ce gajiyar ɗawafi ce ko tsufa, ko a fara maganar iska. Dan Allah ruɗewar da ta zo wa tsoho kwatsam ciwo ce har sai likita ya ce ba shi ba ne. Wanda ya kai shekara 65 dama shekarun kaɗai sun isa a ɗauki abin da zafi.

Launin jiki kuma, mu baƙar fata ba a ganin shuɗin da ake faɗa a fuskarmu, sai ka ja leɓen ƙasa ka duba ciki, ka duba harshe, in sun yi toka-toka ko duhu-duhu oksijin ya yi ƙasa sosai. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana saidaliyya, wato kantin magani, ba tsada, tun korona gidaje da yawa suna da ita, a ɗumama yatsan tukuna, a nemi wanda ba baƙin lalle ko jan farce, a jira lambar ta tsaya. 95 zuwa sama lafiya, in tana yawo a 92 ko ƙasa a tafi. Kuma ku sani a kan fata mai duhu takan nuna sama da gaskiyar da ke jini kaɗan, saboda haka in ta ce 94 amma mutum na haki ba ya iya gama jimla sai ya tsaya ya numfasa, yarda da idonka.

Wani abu da ke ruɗa iyaye, in sashen ƙasa ne ya kamu ciwon yakan sauka ciki, yaro ya yi ta kuka da ciki har da amai a ɗauka shawara ce ko abinci ne, alhali ƙirji ne. Da zafi kuma a Makka zazzaɓi mai ƙarfi yana iya zama bugun rana, shi ma dai na gaggawa ne, duk hanya ɗaya suka nufa.

Lambar is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar, 997 ce, a yankin Makka 911 ma tana aiki, 937 kuma ta ma'aikatar lafiya ce in shawara kake nema. Kafin mota ta zo a zaunar da shi a jingine kar a kwantar da shi flat a baya, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiya, farasitamol don zazzaɓi da sukan. Na san halin da wasu 'yan uwanmu ke ciki na rashin takardar zama, na san tsoron, kuma ba zan yi kamar ban sani ba, amma mutumin da numfashinsa ya kai 30 yana ruɗewa ba abin da za a yi masa a ɗaki, oksijin yake so da allura ta jijiya, a kai shi, sauran maganar a yi ta yana da rai. Alhazai kuwa ba su da hujja ko kaɗan, ga likitocin tawagarsu ga asibitocin gwamnati da ke duba su kyauta a lokacin aikin Hajji har cikin Mina da Arfa.

A asibiti likita zai ƙwanƙwasa bayan, inda iska take zai yi amo, inda ya cure sai ka ji dum, ya saurara, sannan a yi hoton ƙirji. In an nuna maka hoton ka duba, huhu mai lafiya baƙi yake fitowa saboda iska, sashen da ya kamu kuma fari fat da iyakarsa a miƙe kamar an ja layi da rula, wannan layin ita ce fatar da na ce tana tsayar da ƙwayar. Za a ɗebi jini, wataƙila da kaki. Ka faɗa masa ranar da abin ya fara, ko an yi mura kafin nan, suga, hawan jini, asma, sikila, otal ɗin da aka sauka, da duk maganin da aka riga aka sha, musamman kafso ɗin da aka zo da shi daga gida a jaka. Tun 2018 aka tsaurara a nan, saidaliyya ba ta ba da antibayotik sai da takardar likita, wasu na jin haushi, ni kuwa ina ganin daidai ne, don shan biyu yau ɗaya gobe a ajiye shi ne yake koya wa ƙwayar jure magani kuma ya ɓata gwajin da za a yi.

In an ba da magani an sallamo ku, a sha shi a kan lokacinsa har iya kwanakin da likita ya rubuta, ko da an ji sauƙi ranar ta biyu. A cikin kwana biyu zuwa uku ya kamata zazzaɓi ya fara sauka, in bai sauka ba ko numfashi ya ƙara tsananta a koma, ko dai ƙwayar ba wadda ake zato ba ce ko ruwa ya taru. Zuma da citta da habbatus sauda da zamzam a sha, suna sanyaya maƙogwaro kuma ruwa dama ana son sa da yawa, amma tare da maganin ba a madadinsa ba. Hijama ko tsaga a kan haƙarƙarin da ke suka a wannan halin kar a yi, abin yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa. Kar a yi masa turaren wuta a ka, kar a sha sigari a ɗakin. Maganin danne tari ma a yi hankali, kakin nan fitarsa ake so. A rinƙa tayar da shi yana zama yana 'yar tafiya a tsakar gida yana jan numfashi mai zurfi ko da yana ɗan ji, kwanciya wuni guda tana ƙara cushe huhun. Azumi kuma mara lafiya Allah ya ɗauke masa, ya sha ya rama.

Warkewa tana ɗaukar lokaci fiye da yadda mutane ke zato, zazzaɓi cikin mako, sukan da kakin wajen mako huɗu, tarin yakan kai mako shida, kasalar kuwa har wata uku wasu suna jin ta, saboda haka kar a matsa wa mutum ya koma ɗaukar kaya ko tura keke a sati na biyu. Wanda ya haura 50 ko mai shan taba likita yakan ce a sake hoto bayan mako shida don a tabbatar farin ya goge ba wani abu ne ya toshe hanyar ba. Tarin da kuma ya wuce mako biyu yana tafe a hankali da rama da zufar dare, wannan a nemi gwajin tarin fuka, shi ma mausim yana yaɗa shi.

Rigakafi akwai shi. Yara a nan allurar nimokokus tana cikin jadawalinsu, a duba kati a tabbatar an cika. Manya 'yan 65 zuwa sama da masu suga da ciwon zuciya da ƙoda da sikila su tambayi likita tasu allurar, da ta mura wadda ake yi duk shekara. In iyayenku za su zo Hajji ko Umra daga Najeriya ko Nijar ko Sudan ku gaya musu su yi tun suna gida aƙalla mako biyu kafin tashi don jiki ya samu ya gina kariya, kuma allurar sanƙarau da ake wajabta wa alhazai daban take, ba ta tsare wannan. Sai takunkumi a cikin cunkoso, wanke hannu, buɗe taga ko na rabin awa ne a ɗakin da ake kwana da yawa, wanda ya fara tari kuma a matsar da shimfiɗarsa nesa da ta dattijon ɗakin da ta jariri.